Hadarin La'asar a Filin Balo

A gidanmu na unguwar Zariya, a Maraɗi, babu laima. Laima ta sarki ce ranar hawan salla, sai kuwa wata baƙa mai karyayyen ƙarfe ɗaya da mushen lakwal ɗinmu kan ɗaure a bayan kekensa. Mu abin da muka mallaka buhu ne, buhun algarara wanda ya ɗauki gujiya ya ɗauki gero har ya gaji, aka jefa shi bayan rumbu, yara suka gaje shi. Akan tura kusurwa ɗaya cikin ƴar'uwarta sai ta zama hula mai tsini, a kifa a kai, sauran ya zubo ta baya har ƙwauri in mutum bai yi tsawo ba. Ni kuwa ban yi ba tukuna. In ya jiƙe yana da warinsa na kansa, warin rama da ƙasa da tsohon man gujiya, yana sa ƙaiƙayi a wuya, yana kuma ƙara nauyi sannu a hankali har ka ji kamar an goya maka ƙane. Cikin wannan buhun na kalli balo damina da yawa.

Har yau ina mamakin yaron nan. Me ya tsai da shi a bakin fili, haƙora na kaɗawa, ƙafa cikin ruwa har idon sawu, alhali gida na nan kusa, ana ma hango hayaƙin murhun Inna? Ba ya cikin ƴan wasa. Iyakar aikinsa ya ruga ya ɗauko balo in ta faɗa gonar wake, ya rungumo ta a ƙirji, ya shaƙi warin fatarta kafin ya jefa. Wannan ɗan riƙon ya ishe shi murna har dare.

Ƴan kokowa sun fi mu sa'ar lokaci. Su sai an yi girbi, an kai amfani rumbu, sanyi ya sauko, sannan makaɗa su ɗaura ganga. Tun daga Kantu, wanda ya zama sarkin kokowar ƙasa na farko a Tawa a 1975, har waɗanda suka biyo bayansa, abin da ƴan kallonsu ke fama da shi ƙura ce da hazo. Balon unguwa kuwa ta babban hutu ce. Ana rufe lakwal ƙarshen Yuni, ba a komawa sai Oktoba, tsakanin nan ne samari ke samun sarari, tsakanin nan ne kuma sama ke da aiki. Da safe gona, da la'asar fili. Hadari ma la'asar yake so.

Filin namu wani sarari ne a bakin unguwa, inda gidajen ƙasa suka ƙare gonakin gero suka soma. Rairayi ne ja-ja mai laushi, da ƙarangiya a gefe-gefe tana jiran masu tafiya ba takalmi. Turakun gola rassan dogon yaro ne, an ɗaura igiya daga wannan zuwa wancan. Layi da toka ake ja, tokar kuwa daga gidajenmu take fitowa: tun da hantsi mu yara mukan bi murhu-murhu da tsohuwar tasa muna roƙo, Inna tana cewa a rage mata ta wanke tukunya. A shekarun nan sunan Jangorzo ne a bakin kowa, tun da suka ci gasar ƙasa a 1983, kuma duk saurayin da ke da ƙafar hagu mai kyau yana ganin saura ƙiris a aiko kiransa. Ƴan samariya ke shirya wasannin, unguwa da unguwa, yau mu da Sabon Gari, jibi mu da Bagalam ko Mokoyo ko Ɗan Gulbi, in an kai ƙarshe a ɗunguma sitad da kalangu.

Wanda ke fara sanin ruwa na tafe shi ne rediyon Kawu. Ƙaramin akwati ne mai rigar fata wadda dukawan kasuwa suka ɗinka masa, da maɗauri da ya sha gumi har ya yi baƙi, kuma Kawu ba ya zuwa fili sai da shi, ko Muryar Sahel ko Kaduna, a manne a kunne, ido na kan wasa. Sararin sama na nan fes, zafi ya dame kowa, riga ta manne a baya, ganyen dogon yaro ko motsi, sai rediyon ya soma ƙarar-ƙarar, magana tana yankewa. Kawu ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce, "Yau da ruwa." Ya zaro leda daga aljihu, wadda ya ninke tun bara don wannan aikin, ya naɗe akwatinsa ya cusa cikin riga.

Bayan rediyo sai ƴan talla. Su ba sa jiran kowa ya gaya masu. Yarinya mai dafaffar gujiya, mai ƙosai, mai kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, mai gasasshiyar masara in masara ta nuna, kowace ta kife faifai a kan kayanta, ta ƙulle ƴan dalolinta a bakin zane, ta bi masu bashi da sauri tana cewa, "Yaya, dala biyuna, zan tahi." A wannan ɗan tsakanin ne kaya ke araha. Mai masarar da ta ƙi sallamawa ɗazu sai ta miƙo maka zangarniya guda a rabin kuɗi, don kar garwashinta ya mutu da kaya a kai. Na ci masara mai yawa albarkacin hadari.

Sai gabas ta haɗe. Da farko baƙi-baƙi can ƙasa, sannan ja ya taso a gabansa, jan ƙura mai tsawo har sama, yana tafe yana cinye bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Shamuwa su bar kiwo su nufi sheƙa. Awaki su soma kuka suna neman gida da kansu, jajayen nan namu masu sheƙi. Can nesa cida tana gurnani. Iska ta farko mai sanyi ta iso, ta ɗauke hular wani, ta cika baki da rairayi, kana jin sa a haƙori, layin tokar da muka wahala a kansa tun safe ya tashi sama gaba ɗaya. Kuma a cikin ƙurar nan, kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ka, akwai ƙanshin ruwan da ya riga ya sauka a gonar wasu. Ban san wani ƙanshi da ya kai shi ba.

Duk wannan ana wasa. Alƙali bai busa usur ba.

Daga nan kowa da dabararsa. Masu manyan riguna da masu agogo sukan janye tun da wuri zuwa zauren wani Alhaji da ke fuskantar filin, zaure mai rufin kwano, wanda ƙofarsa ba ta rufuwa a irin wannan rana. Masu keke su tura kekensu ciki su fito. Manoman da suka biyo daga gona da malfa a ka su ja igiyarta su ɗaure a haɓa, su gyara tsayuwa. Baƙon da bai san gari ba shi ne kan ruga gindin gawon da ke bayan gola, sai ya isa ya tarar babu ganye ko ɗaya, don gawo da damina yake tuɓewa. Samari kuma sukan cire riga su dunƙule, su sa a leda ko a ƙarƙashin kifaffiyar tasa, su tsaya da jikinsu, suna cewa fata da kanta take bushewa. Takalmi a hannu. Mu masu buhu mukan shiga uku-uku, babba a tsakiya yana riƙe da hular, ƙanana a gefe kowa da rabin kafaɗa a waje, ana jin ɗumin juna da bugun zuciyar juna, ana musu a kan wanda ke jan buhun ɓangarensa.

Akwai wani tsoho da ke zuwa daga wajen Tsibiri sayar da igiya da tabarmi ranar Litinin da Juma'a, in kasuwa ta watse yakan tsaya kallo kafin ya kama hanya. Shi kabido gare shi. Na kaba ne, saƙar hannu, dogo daga kai har gwiwa, ya tsufa ya yi launin zuma, ruwa na bin sa yana zuba ta ƙasa ba ya ratsawa. In ya kifa shi ya tsuguna, ba ka ganin kome sai idanu da ɗan farin gemu. Ina son kabidon nan ƙwarai. Nakan matsa kusa da shi don in ji ƙarar ruwa a kan kaba, wata ƙara busasshiya mai sauri wadda ta bambanta da ta kwano, ta bambanta da ta buhu. Tun da tsohon ya daina zuwa ban sake ganin kabido a kan mutum ba.

Shi ne ya yi maganar da ta zauna mini. Daminar 1985 ce, wadda ta biyo bayan shekarar El Buhari. A waccan shekarar mun sha fita roƙon ruwa, manya sun juya rigunansu a filin idi, gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone a tsaye, an rufe iyaka, mun ci jar dawar taimako wadda tuwonta ba ya ɗaurewa, Fulani sun sayar da saniya a kuɗin tunkiya suna hawaye. To ga mu a fili, muna gaba da ci ɗaya, saura kaɗan a tashi, sai sama ta saki. Ruwa ne mai manyan ɗigo, mai dukan baya, har ba ka ganin golan can ƙetare. Alƙali ya tattara ƴan wasa. Wani saurayi daga cikin namu, ɗan birni mai aski da wando mai faɗin ƙafa, ya buga ƙafa a ƙasa ya ce, "Kai, ruwan ga ya ɓata muna wasa!"

Tsohon ya ɗaga bakin kabidonsa.

"Yaro, bara ina kake?"

Wurin ya yi tsit, sai ruwa. Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba."

Bai ƙara kome ba, ya mai da kabidonsa. Sai wani daga baya ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi, wasu suka amsa, kuma na ga manyan mutane masu iyali sun fito daga zauren Alhaji da rigunansu na kirki, sun tsaya a sarari sun buɗe tafin hannu, ruwa na zuba a fuskarsu. Kawu na cikinsu, hannu ɗaya dafe da rediyon da ke cikin rigarsa. Yaron da ke cikin buhu bai gane duka ba. Ya dai ga cewa mutanen da suka zo kallon balo sun juya wa fili baya suna kallon gabas, kuma ba wanda ya tambayi ci nawa ne.

Tun daga ranar ban iya jin ana zagin ruwa in yi shiru. Ina ganin mai zaginsa mutum ne da bai taɓa tsayawa a gona yana duban sama ba, kuma ba laifinsa ba ne duka, amma ya kamata a gaya masa.

Ba kullum ruwa ke tashin wasa ba. In yayyafi ne, ko irin na Agusta mai sauka a hankali ba iska, ci gaba ake yi, kuma a nan ne kallo ke daɗi. Balon fata ce mai ɗinki, in ta sha ruwa sai ta yi nauyi, ƙararta ta sauya daga tau zuwa dum, mai sa mata kai sai ya dafe goshi. Takan tsaya cak a cikin kududdufi alhali mai bugu ya riga ya wuce. Gola ya yi tsalle ya faɗi ya taso ja wur da ƙasa, mu yi ta ihu. Ba layi, ba toka, alƙali da ƴan kallo ke shawarar inda fili ya ƙare, kuma ban tuna an yi faɗa a kan haka ba in ana ruwa. Faɗa na ranakun zafi ne. Rairayin tudu kuwa mai haƙuri ne, yana shanye ruwa nan da nan, in aka ɗauke kafin magariba sai a koma a ƙarasa a kan ƙasa mai tauri mai sanyi wadda ƙafa ke so. Abu ɗaya ne ba a musu da shi. In walƙiya ta haska tsawa ta biyo ta ba tazara, alƙali ba ya ma busa usur, kowa ya san an tashi. Inna ta sha ja mana kunne: ban da gindin itace, ban da riƙon ƙarfe, ban da gudu a sarari.

To sai zaure. Mutum arba'in a wurin mutum goma, warin jiƙaƙƙen tufafi da taba gari da goro, tururi na tashi daga kafaɗun ƴan wasa, namu da na abokan karawa a cakuɗe, wanda ya yi wa wani ƙeta ɗazu yanzu yana matsa masa wuri. Kwano na amo har ba a jin magana, sai a yi shiru dole. In ya lafa, indararo ya rage zuba, hira ta ɓarke: wane ya gama noman fari, wane ya shiga maimai, a Jiratawa an ce ruwan jiya ya kwana a kunya, gulbi ya kawo ko bai kawo ba. Alhajin kan aiko da buta da tabarma daga cikin gida, wani lokaci har da ƙwaryar fura, ludayi ɗaya yana zagayawa. Nan aka sha yin sallar magariba sahu a matse, goshi kusa da dugadugan na gaba.

Shekaru da yawa bayan haka wani ƙanena da ya yi karatu a Indiya ya ba ni labarin wasan kurket, wanda mutanen Indiya da na Ingila ke so ƙwarai. Ya ce can da ruwa ya soma ake tsai da wasa, a jawo tampol a rufe tsakiyar fili, ƴan kallo su buɗe laimominsu su zauna jira, wani lokaci yini guda, har ma suna da lissafi na musamman da ake fid da wanda ya ci in ruwa ya hana a ƙare. Wasan ban san shi ba, amma jiran na san shi. Na tambaye shi ko su ma suna hira da wanda ba su sani ba in suna jiran. Ya ce sosai.

Mun taɓa bin samarinmu Tsibiri, garin Sarkin Gobir, a bayan wata a-kori-kura mai tampol, manya a zaune a kan katako, mu a tsaye muna riƙe da ƙarfe. Ba a kai rabin wasa ba malka ta sauka, irin wadda ba ta da niyyar ɗaukewa, direba ya ce shi ba ya kama hanya cikin dare da ƴaƴan mutane. Aka rarraba mu gida-gida. Ni da wasu yara muka faɗa hannun wata tsohuwa wadda ba ta tambayi sunan kowa ba, ta dai ce, "Ɗiyan wa ag ga cikin ruwa? Ku shigo, ku shigo." Ɗakinta shigifa ce mai ƙanshin hayaƙi da daddawa, da jeren ƙore a rataye, da fitilar aci-balbal a kan gefen gado. Ta tuɓe mana riguna ta matse, ta shanya a kan igiya bisa murhu, ta lulluɓe mu da wani tsohon gwado mai kauri, ta dama kunun tsamiya ta ba mu a akushi. Jikanta na cikin waɗanda suka zura mana ƙwallo ɗazu. Shi ya kawo mana tabarma. A Jiratawa kuma, da muka bi su can, abin da na riƙe laka ce, laka mai kama ƙafa wadda ake gina tukwane da ita, ta cire mini takalmin roba ɗaya, na dawo da hannu na tono shi.

Komawa gida bayan ruwa wata tafiya ce daban. Titunan unguwa sun zama ƙoramu, ruwa ja yana gudu da kara da tsumma da gwangwani, yana yankar rairayi yana gangarawa yamma wajen fadama, inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta hau da mutane tudu. Kaka ta ga wannan da idonta, shi ya sa ko yaushe aka yi ruwan dare ba ta barci sai ta ji ya ɗauke. Mukan tafi a jere, babba a gaba yana gwada zurfi da kara, ana kiran sunan juna cikin duhu. Kwaɗi sun buɗe baki ta ko'ina. Wani katangarsa ta zube, maƙwabta sun fito da fitila da kwando.

Inna na bakin ƙofa, ko da yaushe. Ba ta faɗa. Takan taɓa wuyana da bayan hannu, ta karɓi buhun ta rataye a kan danni, ta zaunar da ni gaban murhu inda ɗanyen itace ke hayaƙi yana sa hawaye, ta shafe mini ƙirji da tafin ƙafa da man kaɗe. Shinge na zagaya fitilar ƙwai suna zubar da fukafukai, ƙannena na kamawa suna tarawa a kwano. Tuwon gero da miyar kuka, da zafinsa. In jiki ya yi ɗumi cikin dare akwai nibakin a cikin wani ɗan gwangwani a bisa taga, mai ɗacin da ke kwana a maƙogwaro, da ruwan randa a moɗa. Baba kuwa tambaya ɗaya yake yi, ba ta wasa ba: ruwan ya kai wajen gonarmu? Nakan ce ya kai, don daga can ya taso.

Wasan nan na 1985 da ruwa ya tasa, ƴan samariya sun ce a sake shi ranar Alhamis. Alhamis ta zo ba a ga kowa ba. Ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta taso, gola da alƙali da masu kalangu duk suna gona da hauya tun asuba, mu ma Baba ya tashe mu kafin kiran salla. Sai da noma ya sassauta aka sake haɗuwa, muka sake bin gidaje roƙon toka, aka soma daga farko ba ci ko ɗaya. Suka ci mu biyu da ɗaya. A kakar nan Baba ya ɗaure damman da suka cika rumbu, har aka ɗinka wani ƙarami a gefensa.